Ƙananan 'Yan'uwa a Kan Hanyar Barno

Karatu: Ibraniyawa 11:8-16, Romawa 16:21-23

Yau za mu koma baya shekara 300 da ɗoriya, mu bi sawun wasu bayin Allah biyu da suka taso daga nesa da niyyar zuwa ƙasarmu. In kana da Littafi Mai Tsarki kusa, ka buɗe wuraren da muka ambata, ka riƙe su, za mu dawo gare su.

TAMBAYAR WANI SAURAYI

Kwanakin baya, bayan an tashi daga sujada a Nguru, wani saurayi ɗan ƙungiyar matasa ya tsayar da ni a ƙofar majami'a. Ya ce, "Baba, ina da tambaya, amma kada ka yi mini dariya, don daga wasa ta fito." Na ce, "Ɗana, faɗi. Matambayi ba ya ɓata."

Ya buɗe kwamfutarsa ya nuna mini wani wasa mai suna Pentiment, wanda aka fitar a 2022. Labarin wasan ƙagagge ne, amma a kan tarihi aka gina shi. Yana farawa a shekarar 1518, a wani ƙauye na ƙasar Bavariya, kudancin Jamus ta yau. Mai wasa yana tsayawa a matsayin wani mai zane da yake aiki a gidan 'yan zuhudu, inda ake kwafar littattafai da hannu. Aka yi kisan kai a gidan, sai ya shiga bincike. A cikin 'yan zuhudun akwai wani baƙo, mutumin Habasha, ana ce da shi Ɗan'uwa Sebhat. Ba shi ne jarumin labarin ba. Yakan fito kaɗan, ya ci abinci da mutanen gari, ya ba yara labari daga Littafi Mai Tsarki, ya nuna musu littafinsa mai zane irin na ƙasarsu. Daga nan labari ya wuce ya bar shi.

Saurayin ya ce, "Baba, duk cikin wasan wannan mutum ne ya tsaya mini a rai. Da gaske an yi irinsa? Kuma irin waɗannan mutane sun taɓa zuwa ƙasarmu?"

Tambaya ta fari amsarta da sauƙi. I, an yi irinsa. 'Yan zuhudun Habasha sun halarci babban taron ikilisiya a birnin Filorens na Italiya a 1441. Suna da masauki nasu a Roma. Ɗaya daga cikinsu, Tesfa Siyon, shi ya jagoranci buga Sabon Alkawari cikin harshen Gi'iz a Roma a 1548. Tambaya ta biyu kuwa, ita ce jawabinmu na yau.

SU WANE NE ƘANANAN 'YAN'UWA?

Ɗan zuhudu mutum ne da ya yi wa Allah wa'adi zai bar aure, ya bar tara dukiya, ya yi zaman addu'a da hidima a ƙarƙashin wani shugaba. Wasu sukan zauna a gida ɗaya har mutuwa, kamar na cikin wasan nan. Wasu kuma sukan fita yawo cikin duniya suna wa'azi. Waɗanda za mu yi maganarsu na kashi na biyu ne.

Wanda ya kafa ƙungiyarsu shi ne Faransis, ɗan wani attajiri mai sayar da yadi a garin Asisi na Italiya. Ya rabu da gādon ubansa, ya sa riga mai kaushi, ya yi ɗamara da igiya. A 1209 Paparoma ya amince da tafarkinsa. Sunan da Faransis ya zaɓa wa mabiyansa shi ne Ƙananan 'Yan'uwa, domin ya ga Ubangiji Yesu ya wanke ƙafafun almajiransa, ya kuma koyar cewa mai son girma sai ya zama bara. Har yau za ka ga ƙulli uku a igiyarsu: ɗaya na talauci, ɗaya na tsarkin jiki, ɗaya na biyayya.

A 1219, lokacin da Turawa suka kai yaƙi Masar da sunan gicciye, Faransis ya ƙetare fagen fama ba takobi a hannunsa, shi da abokin tafiya guda, ya je gaban Sarkin Masar, al-Malik al-Kamil. Sarkin ya karɓe shi, ya saurare shi, ya sallame shi lafiya. Tun daga wancan zamani mabiyansa suke zama a ƙasashen Musulmi. A ƙarni na 17 suna da ɗan gida a Tarabulus, babban birnin Libiya ta yau, inda suke hidima ga Kiristocin da 'yan fashin teku suka kamo aka mai da su bayi.

Na san da yawa cikinmu ba 'yan ɗarikar Katolika ba ne, akwai kuma koyarwar da muka sha bamban da su. Amma yau tarihi muke karantawa, kuma abin da za mu duba shi ne aminci.

LABARIN DA YA KAI ROMA

Tarabulus ita ce bakin hanyar hamada. Fatake daga Barno da ƙasar Hausa suna shigowa da fatu, da gashin jimina, da hauren giwa, da bayi. Alhazai suna ratsawa. Inda ayari ya sauka kuwa, nan labari yake sauka. A ƙarshen ƙarni na 17 wani labari ya fara yawo a tsakanin Turawan birnin: wai a kudu da Barno akwai wata ƙasa mai suna Kwararrafa, wai mutanenta suna girmama alamar gicciye, wai su Kirista ne da suka daɗe ba su da makiyayi.

Kwararrafa dai ta gaske ce. Mutanenta, waɗanda ake danganta su da Jukunawan kwarin Binuwai, sun kai wa Kano da Katsina hari a ƙarni na 17, har suka tasar wa babban birnin Barno. Tarihin Kiristocin Afirka da suka ɓace ma ba tatsuniya ba ne, domin ƙasar Nubiya da ke bakin Kogin Nilu ta yi ɗaruruwan shekaru tana da sarakuna Kirista kafin ikilisiyarta ta shuɗe. Saboda haka da labarin ya kai Roma, sai aka ɗauke shi da muhimmanci.

A Roma akwai ofishin yaɗa bangaskiya wanda Paparoma Giregori na 15 ya kafa a 1622. A farkon shekarun 1700 ofishin nan ya buɗe aikin bishara na Barno, ya danƙa shi a hannun Ƙananan 'Yan'uwa. Shugaba na fari, Fada Damiyano mutumin Riboli, ya gwada ta Masar da Kogin Nilu, bai sami wucewa ba, ya koma. Sai aka naɗa Fada Karlo Mariya, mutumin Jenowa ta Italiya. Aka haɗa shi da abokin tafiya, Fada Seberino, mutumin Silesiya, yankin da yawancinsa yake cikin ƙasar Poland a yau.

BARNON DA SUKA NUFA

Masu sauraro na Yobe, ku lura da kyau. Idan aka ce Barno a 1710, ba Maiduguri ake nufi ba, ba kuma Kukawa ba, domin ba a kafa su ba tukuna. Fadar Mai tana Birnin Gazargamu, a bakin kogin nan namu, kusa da Gaidam, gabas da Gashuwa. Mai Ali Gaji ne ya kafa birnin a ƙarni na 15. Birni ne mai ganuwa, mai gine-ginen jan bulo, cike da malamai da almajirai, sananne har Masar da Istambul. Ya zauna a matsayin fadar Barno har 1808, lokacin da mayaƙan jihadi suka ci shi. Kufansa yana nan a Jihar Yobe.

Nguru kuwa ita ce mazaunin Galadiman Barno tun ƙarni na 17. Galadima shi ne mai tsaron yammacin daular, mai sa ido a kan iyakarta da ƙasar Hausa. Wanda ya taso daga Kano ko Katsina zai je gaban Mai, ƙasar Galadima ce take gabansa, daga nan kuma ƙasar Bade da fadamunta. Wato takardar da aka rubuta a Roma, aka sa mata hatimi, ƙasar da muke takawa yau take nufi.

TAFIYAR

A tsakiyar 1710 suka bar Tarabulus tare da ayari, suka nufi kudu zuwa Fazzan. Wanda bai taɓa jin labarin hamada daga bakin Buzaye masu kawo gishiri da kanwa ba, ba zai gane nauyin wannan tafiya ba. Rayuwar matafiyi tana rataye a kan abu uku: raƙumi, salkar ruwa, da sanin madugu. Tsakanin rijiya da rijiya akwai tafiyar kwanaki. In aka tarar rijiya ta ƙafe, ko iska ta binne ta da rairayi, to, sai abin da Allah ya yi. Da rana zafi, da dare sanyi mai shiga ƙashi. Guzuri dabino ne da ɗan gari. Baƙo kuma ba shi da ta cewa: ranar da madugu ya ce a tashi ake tashi, inda ya ce a sauka ake sauka.

Daga Fazzan akwai hanya miƙaƙƙiya zuwa Barno. Tana bi ta Kawar da Bilma, ta gangaro yammacin Tafkin Cadi, ta shigo Gazargamu. Ita suka yi niyyar bi. Amma da suka iso, sai suka tarar 'yan fashi sun tare ta, ayari ba ya wucewa. Me za su yi? Da sun koma Tarabulus, ba wanda zai zarge su. Suka zaɓi su bi wani ayari da ya nufi kudu maso yamma, zuwa Agadas ta ƙasar Azbin. Suka ɗan zauna a can, sa'an nan suka sake ɗaura kaya, suka yi tafiyar kusan wata guda zuwa Katsina.

Katsina a lokacin tana cikin ganiyarta. Kasuwa ce babba ta fataken hamada, gari ne na malamai, garin Ɗan Marina da Ɗan Masani, ga hasumiyar Gobarau tsaye a tsakiyarsa. Daga Tarabulus zuwa nan, ko a miƙe aka auna, ya fi kilomita 2,000. Sun shafe fiye da shekara guda a hanya. Daga Katsina zuwa Nguru kusan kilomita 300 ne kawai, zuwa Gazargamu kuma kusan 500. Mafi yawan tafiya ta riga ta wuce.

KATSINA, AGUSTA 1711

Watan Agusta tsakiyar damina ce. Kududdufai sun cika, sauro ya yi yawa, ruwan sha ya gurɓace. Mu da aka haifa a nan ma mun san yadda watan nan yake kayar da mutane, balle baƙon da hamada ta riga ta tsotse shi. Fada Karlo Mariya ya kwanta ciwo, ya rasu. Bayan 'yan kwanaki kaɗan Fada Seberino ya bi shi. Labarin da ya koma arewa ya ɗora laifin a kan ruwan da suka sha. Cutar ba su kaɗai ta ɗauka ba, ta kashe wasu daga cikin fataken da suka zo tare.

Ba su ga Gazargamu ba. Ba su sha ruwan kogin Yobe ba. Ba su kai Kwararrafa ba. Ba su bar majami'a ko makaranta a bayansu ba. In ka je Katsina yau, ba wanda zai nuna maka kabarinsu.

To, yaya aka yi muka san labarin? Ga abin da ya kamata mu riƙe. Wani Alhaji ɗan kasuwa, Musulmi, abokin tafiyarsu, shi ya tsira. Ya sake ƙetare hamada, ya iso Tarabulus a 1712, ya ba 'yan'uwansu labarin yadda suka ƙare. Suka rubuta, rubutun ya shiga ma'ajiya. A 1967 wani masanin tarihi ɗan Ingila, Richard Gray, ya bi takardun da ke Roma ya buga bincikensa a kai. Da Alhajin nan ya yi shiru, da mutanen nan biyu sun ɓace kamar sawun raƙumi bayan iska. Ya ci gari ɗaya da su, ya sha daga salka ɗaya, ya kuma riƙe amanar tafiya. Mu da muke zaune da maƙwabta Musulmi a kasuwa da gona da bakin kogi, kada mu manta da wannan.

A cikin shekarar nan ta 1711 wani jarumi mai suna Ahmad Karamanli ya ƙwace mulkin Tarabulus, gidansa ya yi sarauta har 1835. Littattafan tarihin Libiya sun cika da labarinsa. Mutuwar baƙi biyu a Katsina kuwa, 'yan layuka ta samu.

NA BIYU A CIKIN BIYU

Yanzu bari mu dubi Seberino. Ko a cikin ɗan gajeren labarin nan, shi ne ƙarami. Karlo Mariya ne shugaba, shi ne mai muƙami, sunansa ake fara ambata. Seberino "abokin tafiya" ne. Sunansa ma littattafai ba su rubuta shi iri ɗaya ba: wani ya ce Seberino, wani ya ce Serafino. Shi ne ainihin irin mutumin da saurayin nan ya gani a wasa, wanda yake tsaye a gefe, labari ya wuce ya bar shi.

Amma ka yi tunani, ya kai mai sauraro. Rana ɗaya ta ƙona su. Ƙishirwa ɗaya suka sha. Da shugaba ya rasu, wa ya rage? Seberino, shi kaɗai, a garin da ba danginsa, ba mai jin harshen uwarsa, ba wanda zai yi masa addu'a irin tasa. Kwanakin ƙarshe, waɗanda suka fi kowanne ɗaci, na biyun ne ya ɗauke su.

Ubangiji da kansa bibbiyu ya aiki almajiransa, kamar yadda muke gani a Luka 10:1. Mai Hadishi 4:9-10 ya ba da dalili: in ɗaya ya fāɗi, akwai mai tashe shi. Hausawa ma sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Aikin Allah bai taɓa tafiya da shugabanni kaɗai ba.

Ka duba Romawa 16 da muka karanta. Kowa ya san Manzo Bulus ne ya aika wasiƙar Romawa. Amma hannun wa ya riƙe alƙalami? Aya ta 22 ta gaya mana: Tartiyas. Sau ɗaya tak sunansa ya fito a cikin Littafi Mai Tsarki. A aya ta 23 akwai mai masauki, akwai ma'ajin birni, sai kuma wani Kawartas. Ba a ba shi muƙami ba, ba a faɗi sana'arsa ba. Ɗan'uwa kawai aka kira shi. Duk da haka Ruhu Mai Tsarki ya ga ya dace sunansa ya zauna a cikin Maganar Allah har ƙarshen zamani. A Filibiyawa 2:25-30 ga Abafaroditas, ɗan aike, wanda ya yi ciwo har ya kusa mutuwa a bakin hidima, Bulus ya umarci ikilisiya ta girmama irinsa. A 2 Timoti 4:20 ga Tarofimas, wanda ciwo ya tsayar da shi a Militas, tafiya ta ci gaba ba tare da shi ba. Allah bai share ko ɗaya daga cikinsu ba.

ASARA CE?

Mu faɗi gaskiya, kada mu shafa wa tarihi mai. Labarin da ya tashe su daga gida ji-ta-ji-ta ne. Ba a taɓa samun ikilisiya a Kwararrafa ta wancan zamani ba. Alamar gicciye a wuya ko a jikin kaya ba ita ce shaidar bangaskiya ba, ga maƙeran Agadas nan suna ƙera ado mai kama da gicciye har yau, su kuwa Musulmi ne. Gani ya kori ji. Wannan gargaɗi ne ga kowace ikilisiya da take aika ma'aikata: a bincika, a shirya, a san ƙasa da damina da ruwan sha, kada a jefa rayukan mutane a kan labarin kasuwa. Bayan mutuwarsu aikin Barno ya tsaya cik, aka yi kusan shekara 200 kafin masu bishara su zauna a ƙasar nan.

Amma kuskuren labari dabam, amincin ɗan aike dabam. Ibraniyawa 11 ta jera mana mutanen da suka bar gida saboda kiran Allah, ta kuma nuna cewa sun kwanta dama abin da aka alkawarta bai shigo hannunsu ba. Hangensa suka yi daga nesa, suka yarda su baƙi ne a duniya. Aya ta 16 ta nuna Allah bai ji kunyar a danganta shi da su ba. Musa ya tsaya a kan Dutsen Nebo, ya ga ƙasar, bai taka ta ba. Dawuda ya tara duwatsu da katako da tagulla, amma Sulemanu ne ya gina Haikali. A 1 Korantiyawa 4:2 abin da ake nema a wurin wakili shi ne a same shi da aminci. A sura ta 3 kuma Bulus ya tuna mana cewa mai shuka dabam, mai ban ruwa dabam, girma kuwa daga Allah yake.

Ku dubi abin da ya biyo baya. A 1893 samari uku suka sauka a Legas da nufin shigowa ƙasar nan: Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham. A 1894 Gowans ya mutu a Girku, Kent ya mutu a Bida, Bingham ya koma gida da ciwo. Da ka tsaya a shekarar nan ka yi hukunci, da ka ce wannan ma asara ce. Amma daga nan mishan ɗin SIM ya fito, daga gare shi kuma ikilisiyar ECWA ta kafu a 1954. Mishan ɗin SUM ya sauka a Wase a 1904, ba da daɗewa ba ya kai Wukari, ƙasar Jukunawa, wato Kwararrafar da 'yan'uwan nan biyu suka yi marmarin gani. Limaman Katolika suka zauna a Shendam a 1907. A 1932 aka buga dukan Littafi Mai Tsarki da Hausa. 'Yan zuhudun ƙungiyar Agustin suka kama aiki a arewa maso gabas, Maiduguri ta zama yankin mishan a 1953, ta zama dayosis a 1966. A 2023 kuma, shekara 312 bayan rasuwar Karlo Mariya da Seberino, aka kafa dayosis na Katsina, aka naɗa Bahaushe, Gerald Mamman Musa, bishop na fari.

Ban ce waɗannan duka daga kabarin mutum biyu suka tsiro ba. Masu zuwa daga baya da yawansu ba su ma taɓa jin sunansu ba. Abin da nake cewa shi ne, Mai girbin ɗaya ne, shi ne kuma yake riƙe da lissafin kowane ma'aikaci, na safe da na yamma.

GARE MU A NGURU DA GASHUWA

Yaya bishara ta shigo garuruwanmu? A 1930 layin dogo daga Kano ya iso Nguru, garin ya zama tashar ƙarshe, inda ake lodin gyaɗa, da ƙaro, da fatu, da shanu. Tare da jirgin ƙasa ma'aikatan reluwe suka zo, da akawuna, da 'yan kasuwa, da malaman makaranta da na asibiti, daga kudu da kuma tsakiyar Najeriya. Wasunsu suka fara taruwa ran Lahadi a ɗakin wani, ko a ƙarƙashin rumfar zana. Wa ya fara shimfiɗa tabarma? Wace mata ce ta fara tara yara tana koya musu waƙa? Wa ya riƙa fassara wa mai wa'azi da Hausa, da Barbarci, da Badanci? Ƙananan 'yan'uwa ne, irin su Kawartas.

A shekarun rikicin Boko Haram, musamman daga 2011 zuwa 2014, Jihar Yobe ta sha wuya, Musulmi da Kirista duka sun yi kuka. Iyalai da yawa suka kwashe kaya suka tafi, wasu majami'u suka koma rabi, wasu ba su kai rabi ba. Na san akwai mai bishara da yake jina yanzu, wanda ya yi shekara da shekaru a ƙauye ɗaya, in ya ƙirga masu sujada yatsun hannunsa sun isa. Yana jin labarin manyan majami'u na Jos da Abuja, zuciyarsa tana ce masa ya ɓata ƙuruciyarsa a banza. Akwai matar fasto da ba a taɓa kiran sunanta a taro ba. Akwai dattijon da yake buɗe ƙofa ya share ɗaki tun kafin kowa ya zo. Akwai 'yar zumuntar mata da take kai kunu asibiti.

Ɗan'uwana, 'yar'uwata, ka ji, ki ji. Seberino ya yi tafiyar fiye da kilomita 2,000 don ya kai ƙasar da kake zaune a cikinta, bai kai ba. Kai kuwa ga ka a ciki, kana da Maganar Allah cikin harshen da kake mafarki da shi, kana da maƙwabtan da suka san sunanka. Abin da ya hanga daga nesa yana hannunka. Kada ka raina wurin da aka ajiye ka. In an sa ka na biyu, ka yi na biyun da aminci. In hanya ta toshe, ka tuna Ayyukan Manzanni 16, inda aka hana Bulus shiga wata ƙasa domin a buɗe masa wata.

Kowace shekara da kaka, tsuntsaye sukan taso daga Turai, su ƙetare hamadar nan da ta cinye ƙarfin mutanen nan biyu, su sauka a fadamar Dagona tsakanin Nguru da Gashuwa. Ba mai ƙirga su ɗaya ɗaya sai Mahaliccinsu. Yesu ya koya mana a Matiyu 10:29-31 cewa ko ɗan tsuntsun da ba shi da daraja a kasuwa, faɗuwarsa ba ta ɓuya ga Uba ba, mu kuwa mun fi tsuntsaye nesa. Wanda ya san inda kowannensu ya sauka ya san inda Seberino yake kwance a Katsina. Ya san kuma inda kake.

Saurayin nan da ya yi mini tambaya, da na gama ba shi labarin, ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Baba, ashe na gefen ma ana ganinsa." Na ce, "Ɗana, ana ganinsa. Je ka taya su kwashe kujeru."

Bari mu yi addu'a.

Ya Ubanmu na Sama, mun gode maka domin bayinka da suka riga mu, waɗanda muka san sunansu da waɗanda kai kaɗai ka sani. Ka gafarta mana son girma da son a gan mu. Ka ƙarfafa masu hidima a ƙananan wurare, a Nguru, a Gashuwa, da dukan ƙasar Yobe. Ka ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, ka sa mu zama masu riƙon amana. Ko mun ga girbi ko ba mu gani ba, ka same mu da aminci a ranar zuwanka. Mun roƙa cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.

Masu sauraro, a nan za mu dakata. Sai mako mai zuwa war haka, in Ubangiji ya kai mu. Alherin Allah ya kasance tare da ku duka.